Sarkin Takarda da Ya Raba Gandunmu

Da sunan Allah nake farawa. Wannan babi shi ne na yi ta ɗagawa, yau in ce idona yana ciwo, gobe in ce bik ɗin rubutu ya ƙare. Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin ana cewa Cima ce ta raba gandun gidan Alhaji Laminu da bakinta da rubutunta. An faɗa muku a lakwal, makarantar boko, an faɗa muku a gidan biki, ke Ramatu har uwar mijinki ta goranta miki. Ban taɓa musawa ba, shi ya sa kuka ɗauka haka ne. To ku zauna ku ji yadda aka yi. Mutum biyun da suka san gaskiyar duk sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage, ni ma kuma ban ji ta da wuri ba.

Sa'ad da aka kawo ni Matameye, gidan nan ɗaya ne, babu katangar da kuke gani a tsakiya. Babanku Habu da wansa Alhaji Laminu, wanda duk muke ce wa Yaya, gandu suke yi: gona ɗaya, kowa ya yi noma, hatsi ya shiga rumbunan gida, babba ya riƙe. Kowace safiya Yaya da kansa yake hawa rumbu ya sauko da dami. Mu yi sussuka yana tsaye a kanmu, sannan ya ɗauki tiya ya auna wa kowane ɗaki. In tiyar ta yi tozo sai ya sa gefen hannunsa ya shafe, abin da ya zubo ya tattara ya mayar cikin aljihun rigarsa. Ba shekarar yunwa nake ba ku labari ba. Rumbuna cike suke. Ajiyewa yake har damina ta yi nisa hatsi ya yi tsada, fatake su zo daga ƙetaren iyaka su kwasa, mu kuwa yaranmu suna shan kunun da kake ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. In mace ta je ta ce fura ba za ta kai ba, amsarsa ɗaya ce, ba ya ko ɗaga kai: a ƙara ruwa.

Ba zan zalunce shi ba don ba ya nan. Yaya bai ci abin da ya hana mu ba, siriri ne kamar karan dawa. Yana yaro ya ga yunwa ta gaske, ya ga an binne ƙanwarsu, uwarsu ma ba ta daɗe ba ta bi ta. Shi ya goyi babanku a bayansa. Tun daga lokacin akushi ɗaya suke ci, kullum bayan magariba a zaure, in an yi sa'ar tsokar nama Yaya ya tura ta gefen ƙaninsa da ɗan yatsa. Na sani, don ni nake kai akushin. Shi ya sa in na matsa wa babanku ya yi magana sai ya sunkuyar da kai.

"Malam, 'ya'yanka ne fa suke kwana cikinsu yana kuka. Ba ka da baki ne?"

"Za a duba, Cima."

"Yaushe?"

"Za a duba."

Na kusa shekara arba'in aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a wata rumfa ta unguwarmu. Yaya ya so ya hana, da ya ji kyauta ne har da allo da alli sai ya ce in je. Malamarmu Madam Zali ce, 'yar Damagaram, yarinya ƙarama da ta isa in haife ta. Na sha wuya. Yatsuna sun saba da taɓarya, alli yana karyewa a hannuna. Kuma abin da ake sa mu rubutawa ba ya shiga raina: Ali ya je gona, Binta ta share gida. Na ce wa Madam, ni ban san Ali ba, Binta kuma ta share gidanta, ina ruwana.

A lokacin ina tuyar ƙosai a ƙofar gida, ina sayen tsoffin takardu na ƙunshi. Wani direba da ya yi aiki da Turawan Italiya masu haƙa rijiyoyi wajen garin Tsauni ya kawo mini buhu guda na abin da suka bari da za su koma ƙasarsu. Cikinsa na tsinci littafin. Zane ne daga farko har ƙarshe, gida-gida a kowane shafi. Wani sarki ne na zamanin da, na ƙasar Turawa, ƙato mai tumbi, da 'yar hular zinariya mai tsini da ta yi wa kansa kaɗan. Na yage shafin farko na ƙunshe wa wata ƙosai, zan yage na biyu sai idona ya tsaya. An rataye wani talaka, matarsa tana kuka a gindin itacen, sarki kuwa ya miƙa mata hannu, da alama kuɗin igiya yake nema. A gida na gaba an kwance igiyar ana naɗe ta da kyau don gobe. Na yi dariya har mai ya kusa ƙona ni, sannan na yi istigfari, sannan na sake yin dariya. A wani shafin mutane sun fake a inuwar itace, dogarai suna karɓar harajin inuwa. A wani fadar ta kama da wuta, matar sarki tana cinikin tsani da waɗanda ke saman bene. A wani uwar sarkin ce ta mutu, yana kuka da ido ɗaya, hannunsa cikin bakinta yana ciro haƙorin zinariya. Shafin ƙarshe kuma ya kulle kansa cikin ɗakin ajiyarsa don tsoron ɓarayi, makulli ya karye, aka buɗe bayan shekaru aka tarar da ƙasusuwa da hula, ga ɓeraye sun yi ƙiba suna zaune kamar fadawa.

Sarkin bai yi kama da Yaya ba ko kaɗan, sai hannun. Wanda ya zana shi ya san irin hannun nan da ba ya buɗewa duka. Ban san yadda Baturen da bai taɓa taka Matameye ba ya ga hannun Yaya ba, amma ya gan shi.

Na kai littafin aji. Daga bakin kowane mutum a zanen akwai wani zagaye da rubutu a ciki, ƙawata Barira ta ce ƙoƙon magana ne, sunan ya bi shi. Muka ce Madam ta karanta mana.

"Inna Cima, wannan Italiyanci ne. Ni Faransanci na yi. Sai dai in tsinci kalma nan da can."

"To mu da ba mu yi ko ɗaya ba fa?"

Ta juya shafi, can ta ce, "Kin ce ba ki san Ali ba. Wannan kin san shi?"

"Na san hannunsa."

"To ki ba shi baki."

Ita ta koya mini in yanka farar takarda daidai kowane ƙoƙo, in liƙa da ƙaro a kan rubutun Turawa, in rubuta nawa. Jimlar farko da na taɓa rubutawa da kaina a duniya, ba wanda ya faɗa mini ita, a shafin da sarki yake tsaye kan tukunyar miyar da ake raba wa mayunwata take. Na rubuta: a ƙara ruwa. Matan aji suka faɗi ƙasa don dariya, domin duk unguwa an san mai maganar. Daga nan hannuna ya saki. Duk abin da Yaya yake faɗa a tsakar gida na kwashe na zuba a bakin sarkin nan. Ga matar wanda aka rataye yana cewa, igiyar ma ta gandu ce. Ga gawar uwarsa yana cewa, ba asara ba ce in an adana. Kafin kaka na iya rubutu fiye da kowa a ajin, kuma fushi ne ya koya mini, ba Madam kaɗai ba.

Akwai wani mutum a zanen da ban ambata ba. Siriri ne mai dogon wuya, yana bayan sarki a kusan kowane shafi, riƙe da bakin alkyabbarsa kada ta taɓa ƙasa. Shi ma yana da ɗan ƙoƙonsa ƙarami. Na liƙe masa farar takarda kamar kowa, amma ban rubuta komai ba.

A daminar shekarar ke Ramatu kika kwanta. Kina rarrafe kika daina, gashinki ya yi ja, ƙafafunki suka kumbura. A gidan likita aka ce ba wata cuta ba ce, abinci ne bai isa ba. Na je na durƙusa gaban Yaya, abin da ban saba yi ba, na ce a ƙara wa ɗakina ko rabin tiya ne. Ya ce in ya ƙara mini sai kowane ɗaki ya kawo mara lafiya. Sannan ya faɗi maganar tasa. Na dawo ɗaki, na tarar da babanku zaune bakin gado bayan azahar, ya ɗora ki a cinya. Na ciro littafin daga cikin kwalla inda nake ɓoye shi. Shi ajami ya iya, bai iya boko ba, don haka na karanta masa daga farko har ƙarshe, da muryar Yaya. Na yi ne don in ƙona masa rai. Sai ga shi yana dariya, dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, har hawaye. Da ya share ido sai ya ɗora yatsa kan siririn mutumin.

"Wannan fa? Ba ki karanta nasa ba."

"Wannan kai ne."

"Me ya ce?"

"Me ka taɓa cewa da zan rubuta?"

Ya dube ki, ya dubi littafin, ya miƙa mini ke ya fita.

Ranar kasuwa da ta biyo baya na buɗe kwalla babu littafi. Kafin azahar labari ya iso ni: yana teburin mai shayi a bakin tasha, inda motocin Damagaram da na Kance suke lodi, wani ɗan kamasho da ya yi lakwal ya hau benci yana karanta wa jama'a, ana miƙa shi hannu zuwa hannu. Ba sunan kowa a ciki, amma ba a bukatar suna. Ranar kuwa Yaya ya kai hatsi kasuwa. An ce yana cikin ciniki wani ya ɗaga murya daga nesa ya ce, Alhaji, a ƙara ruwa ne? Kasuwa ta ɗauka. Dattijon da mutane suke rusuna wa, ya dawo gida ta bayan gari.

Barira na zarga, don ita kaɗai na nuna wa kwallar. Ta rantse, ban yarda ba, muka yi shekaru gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Da magariba na kai akushi zaure kamar kullum, na ajiye na koma. Ba a jima ba na ji muryar Yaya ta tashi sau ɗaya, ban ji abin da ya ce ba, sai ƙarar takalmansa. Da na je ɗauko akushin, loma biyu kawai aka yanka a tuwon, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Babanku yana zaune, hannunsa da miya bai wanke ba.

Washegari aka tara dattawan dangi, aka kira ni. Wani kawunsu ya ce in durƙusa.

"Ke kika rubuta abin nan?"

"Ni na rubuta, Kawu. A nuna mini kalma ɗaya ta ƙarya in lashe ta."

"Ji bakinta! Ki ba Alhaji haƙuri, ki bar makarantar nan, a rufe magana."

"Makaranta ba zan bari ba. Haƙuri kuma a fara ba 'yata."

Ba wanda ya tambaye ni wa ya kai littafin kasuwa. Kowa ya ɗauka ni ce, ni kuma ban gyara musu ba. Ban san wanda ya kai ba, amma na ji daɗin sunan, na ɗauke shi na yafa. Na jira Yaya ya zage ni. Bai ko dube ni ba. Ƙaninsa yake kallo, ya ce ba ya bukatar haƙurin kowa, a raba. Aka raba gona, aka raba rumbuna, kafin damina ta zagayo an ja katanga. Rabonmu ya ishe mu har da saura. Ke Ramatu kika tashi kika yi tafiya. Kuka ci tuwo mai tauri, kuka sha fura da ludayi yake tsayawa a ciki. Wannan ban yi nadamarsa ba, ko yau aka mayar da ni shekarar nan sai na sake rubuta kowace kalma.

Amma ku manyan kun tuna yadda babanku yake cin tuwo. Aka yi masa ɗan zaure ta wannan gefe, nake kai masa akushi. Sai ya ci rabin da ke gabansa, ya tsaya cak a tsakiya, ɗaya rabin ya dawo mini sumul. Na rage yawan tuwon, ya ci rabin abin da na rage. Na canza akushi na sa kwano, haka. Suna haɗuwa da Yaya a masallaci, su gaisa kamar baƙi biyu a tasha. Ni kuwa in raina ya ɓaci ba na rasa abin faɗa.

"Ka ci mana. Ni na ƙwato muku tuwon nan da kai ka kasa buɗe baki a kansa."

"Haka ne, Cima."

Shekara da shekaru ina faɗa masa haka, a gabanku ma. Kullum amsar ke nan. Da ita ya tafi kabari.

Bayan na fita takaba, wata rana da hantsi, na ji sallama a ƙofa. Yaya ne, ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda. Tun da aka ja katanga bai taɓa shigowa ta nan ba sai ranar jana'iza. Na shimfiɗa masa tabarma, na dama fura na kawo. Muka gaisa, sannan ya ce:

"Littafin nan yana nan?"

Yana nan. Madam ce ta karɓo mini shi daga wurin mai shayi tun a makon, duk ya sha maiƙo.

"Ɗauko ki karanta mini. Gari duk ya yi mini dariya a kansa, ni ban taɓa ganin sa ba."

Na ce ya bari, abu ya wuce. Ya ce in karanta. Na karanta da muryata, ba da tasa ba. Yana bin zanen da ido a kusa-kusa. Wurin igiyar gandu sai da kafaɗarsa ta motsa, ya ce, ja'irar mace. A shafin ɓeraye ya daɗe yana kallo. Sannan ya koma baya, ya ɗora yatsa daidai inda ƙaninsa ya taɓa ɗorawa.

"Wannan mai riƙe riga, Habu ne ko?"

"Shi ne."

"Me ya sa nasa fari?"

"Bai taɓa cewa komai ba, Yaya."

"Ya ce. Ni ya gaya wa."

Na ajiye littafin.

"Daren nan a zaure, na yanka loma, shi ma ya yanka. Na ce masa gobe ya sallami matar nan da ta kai ni kasuwa. Sai ya ce, Yaya, ba ita ba ce, ni na kai. Ya ce ya yi shekaru yana neman yadda zai gaya mini, in ya dube ni harshensa ya ƙi. Ya ce ga shi an rubuta, kuma in a gida aka karanta mini zan yaga in ce a ƙara ruwa, shi ya sa ya kai inda ba zan iya yagawa ba. Ya ce yarinyarsa za ta mutu."

"Me ya sa ba ka faɗa ba? Kana ji ana zagina."

"Da wane baki zan gaya wa gari cewa yaron da na goya ne? Mace mai baki kowa ya san da ita, ba abin kunya ba ne. Ke ma kuma ban ga kin ƙi sunan ba."

Ya ce shekarun nan duka yana jiran Habu ya ɗauko akushi ya zagayo katanga, ya san kuma Habu yana jiran a kira shi. Ya ɗauki furar ya kurɓa. Mai kauri ce, irin wadda nake damawa tun da aka raba. Na ga bakinsa ya motsa, na san abin da ya zo masa. Ya dube ni ya ce, "Bar ta haka." Ya shanye. Bai kai kaka ba shi ma ya tafi.

Na je na sami Barira na gaya mata. Ta ce ai ta rantse mini tun ranar, muka yi kuka muka yi dariya. Wannan ta gyaru. Ta babanku ce ba ta da gyara. Me ya sa bai gaya mini ba, na juya abin har na gaji. Wataƙila don in gari ya san ƙane ne ya tozarta wansa, ku za a riƙa nunawa, kuma ƙofar komawa ta rufe har abada. Wataƙila ya ga ina jin daɗin jaruntar ya bar mini. Wataƙila kuma mutumin da ya yi magana sau ɗaya ya ga abin da ta ci masa, ba ya marmarin ta biyu. Ni dai abin da na sani, na zauna da namiji shekaru masu yawa ina ce masa bebe, alhali shi ya sayar da ɗan'uwansa guda ɗaya tilo don ku ƙoshi, yana kuma biya kowace magariba a gaban idona, ina kwashe rabin tuwon ina tsaki.

Wani jikana ya ce yanzu waya tana karanta Italiyanci, in ɓamɓare takardun mu ji abin da Baturen ya sa siririn mutumin yake faɗa. Na ce a'a. Ba na son jin na Bature. Littafin yana cikin kwallar nan tasa ta dā, duk wanda ya ɗauka bayan raina ya buɗe shafin tukunyar miya. Ranar da Yaya ya sha furar ya fita daga gidan nan na ɗauki bik na cike ƙoƙon da na bari fari. Ƙarami ne, amma ya ɗauki maganar babanku daidai: ni na kai.